Tambaya da Amsa: Asabar da Lahadi a Kan Ƙanƙarar Dutsen Uludag

Da hunturu ya kama a Turkiyya, tambayoyin da 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu na Istanbul suke aiko wa wannan fili sukan koma kan dutsen Uludag da ke saman birnin Bursa, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan makon.

Assalamu alaikum. Ina zuwa Istanbul sarin kaya a watan Janairu, kuma Asabar da Lahadi kaɗai nake da su. Za su ishe ni in je Uludag in dawo? — Wani Alhaji daga Kantin Kwari, Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Za su isa, da sharaɗin ka kwana Bursa ranar Juma'a da dare. Wanda ya taso daga Istanbul da safiyar Asabar ba ya ɗaura takalmin zamiya sai bayan azahar, lokacin da layin masu jiran kujerun hawa, masu kai mutane saman gangare, ya yi tsawo, ƙanƙarar kuma ta sha tattaki.

Hanya biyu ce. Ta mota, ana bin babbar hanyar da ta ratsa gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016, tafiyar kamar awa biyu in an tsira daga cunkoson Istanbul na yammacin Juma'a. Akwai kuma motocin safa da ke tashi daga filin jirgin Sabiha Gokcen kai tsaye zuwa Bursa. Ta ruwa, jirage na tsallaka tekun Marmara zuwa gaɓar Mudanya, shi ma wajen awa biyu, daga nan a shiga mota zuwa cikin gari. Jirgin ruwa ya fi daɗi, amma shi ake fara sokewa in iska ta taso, don haka kada ka jingina komawarka ta Lahadi a kansa idan jirgin sama na jiranka Litinin da asuba.

Daga Bursa zuwa unguwar otal-otal da ke kan dutsen kilomita 36 ne, hanya mai yawan kwana. Akwai ƙananan motocin haya da ake kira dolmush, akwai kuma motar igiya mai tafiya a rataye a sama, wato teleferik, wadda ke tashi daga unguwar Teferruc, ta bi ta Sarialan, ta sauke mutane kusa da otal-otal. Tsawon igiyarta ya kai kilomita 9, tafiyar ba ta cika wuce rabin awa ba. In motar haya ka karɓa za ka tuƙa da kanka, jami'an jandarma kan hana hawa ranar da hanya ta daskare sai da tayar hunturu da sarƙar taya. Mu dai shawararmu, wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba kada ya fara koyo a wannan hanyar.

Abu ɗaya game da lokaci: makarantun Turkiyya na tafiya hutun tsakiyar shekara na mako biyu daga wajen ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. A makonnin nan dutsen cika yake maƙil, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. In da hali ka zo kafin nan ko bayan nan.

Ina ganin ana cewa "kaurin ƙanƙara santimita kaza". Ta yaya zan gane ko wurin zamiya na da kyau kafin in kashe kuɗin mota? — Ɗalibi a wata jami'a a Istanbul

Ɗan'uwa, wannan adadin shi ne abin da ya fi yaudarar sababbin zuwa. Hukumar hasashen yanayi ta Turkiyya na fitar da kaurin dusar ƙanƙara a wuraren zamiya, kuma yana da amfaninsa: in bai kai santimita 30 ba, duwatsu da saiwoyi kan leƙo, su kankare allunan zamiya, wato dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, su kuma kayar da mutum. Amma da ya wuce rabin mita, ƙarin kauri ba ya canza maka komai. Abin da ƙafarka ke takawa shi ne saman, kuma zafi da iska na kwana biyun da suka wuce su ke tsara yadda saman zai kasance.

Fara duba iska. Akwai wadda Turkawa ke kira lodos, mai busowa daga kudu maso yamma, da ɗumi da ƙarfi. Ita ce babbar abokiyar gabar wanda ya zo hutun kwana biyu, domin ita kaɗai kan yi ɓarna uku: ta hana jiragen ruwa tashi, ta tsayar da motar igiya da kujerun hawa, ta kuma narkar da saman ƙanƙarar. In ka ga hasashe na nuna iska mai gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa a kan dutsen, sa a ranka cewa za a rufe layukan zamiya na sama. Abin da ke biyo bayan lodos ya fi ta muni ga ɗan koyo: sanyi ya dawo da dare, abin da ya narke ya daskare, da safe a wayi gari gangaren ya yi tauri yana sheƙi. A kan irin wannan, bakin allo ba ya cizo sai a ƙafar gwani, faɗuwa kuma tana da zafi.

Mafi kyau ga mai koyo shi ne a ce dusa ta zuba Alhamis ko Juma'a, sanyi ya tsaya ƙasa da sifili, motocin daddaɓe ƙanƙara sun bi layukan da dare. Da safe za ka ga saman ya yi ƙananan kunyoyi kamar gonar da aka gama shara da manjagara. Wannan yana riƙe allo, yana kuma da taushin faɗuwa. Dusar da ta zuba yanzu-yanzu ba a daddaɓe ba, wadda ƙwararru ke rububi, wahala ce ga sabon shiga: allunan na nutsewa, juyawa na son ƙarfi, tashi bayan faɗuwa kuma aiki ne.

Ko a rana ɗaya yanayin na sauyawa. A Janairu rana ba ta fitowa a Bursa sai bayan ƙarfe 8, ana buɗe kujerun hawa wajen ƙarfe 9. Daga nan zuwa 12 shi ne zinariyar yini. Bayan azahar ɗaruruwan mutane sun ture dusar ta taru tsibi-tsibi, tsakanin tsibin kuma ƙanƙara ce tsirara. Da la'asar inuwa ta rufe gangaren, ido ba ya bambance tudu da kwari, ƙafafu sun gaji. A nan ne rauni ya fi samun mai cewa "bari in ƙara ɗaya".

Sai hazo. Uludag na da shi sosai, kuma yakan sauko cikin mintuna. In ya rufe, bi sandunan da aka kafa a gefen layi ɗaya bayan ɗaya, kada ka kuskura ka yanke ta cikin itatuwa don neman gajerar hanya. Ƙololuwar dutsen mita 2,543 ce, kuma kwazazzabansa na kama da juna cikin farin hazo. Lambar neman agaji a duk Turkiyya 112 ce. Ajiye wayarka a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi na shanye batir da sauri.

Launin alamar da ke bakin kowane layin zamiya ma ka kula da shi: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru. A kwana biyunka na farko babu ruwanka da ja.

Wane kaya zan saya, wane zan karɓa haya? Ina da rigunan sanyi masu kauri da na zo da su daga gida. — Wani mai karatu daga Zariya, mazaunin Ankara

Malam, kaurin riga ba shi ne maganar ba. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, unguwar otal-otal kuma na sama da mita 1,800. In ka bar Bursa ana digiri 5, ka sa ran 6 ƙasa da sifili a sama, ban da abin da iska za ta ƙara. Duk da haka mai koyo gumi yake yi sharkaf. Auduga na shan gumin ta riƙe, da ka zauna a kujerar hawa sai ta yi sanyi a jikinka. Shi ya sa ake sa hawa uku: ta ciki mai kama jiki ta ulu ko ta roba-roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Wandon jins ba ya aiki ko kaɗan.

Abin da za ka saya da kuɗinka kaɗan ne: rigar ciki da wandonta, safar hannu marar shan ruwa, doguwar safar ƙafa. Allunan zamiya, takalmi, sanduna, hular kwano, tabarau, har jaket da wando, duk ana bayar da su haya a Bursa da kan dutsen, na cikin gari ya fi araha.

Takalmi shi ne inda ake yin kuskure mafi tsada. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, ba da lambar takalmin kasuwa ba. In ka tsaya a miƙe, yatsunka su taɓa gaba kaɗan. In ka lanƙwasa gwiwa ka danna ƙwauri a harshen takalmin, yatsun su ja baya, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Mutane na karɓar babba don ya fi daɗi a shago, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki, allon ya ƙi bin umarni, farce ya yi baƙi. Safa ɗaya tak ake sawa. Biyu na naɗewa su matse jijiya, jini ya kasa zagayawa, ƙafar ta fi yin sanyi. Kada kuma ka cusa ƙafar wando a cikin takalmin.

Allon ɗan koyo, in an tsayar da shi, ya tsaya tsakanin ƙirji da haɓa. A kansa akwai maƙalin da ke riƙe takalmi, an ƙera shi ya saki ƙafa in an faɗi da ƙarfi. Mai shago zai tambaye ka nauyi da tsawo da shekaru da matakin iyawarka kafin ya saita shi. Faɗi gaskiya. In ka ce ka iya alhali ba ka iya ba, zai ɗaure shi da ƙarfi, ka faɗi ya ƙi saki, allon ya murɗe gwiwa. In ba a tambaye ka komai ba, sauya shago.

Tabarau dole ne ko da rana ba ta fito ba. Sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan awanni, da dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Man kaɗanya na maganin tsagewar leɓe da fata, amma ba ya tare ƙunar rana, sai an haɗa da man kariya.

Ni mace ce mai sa hijabi da doguwar riga. Zan iya wannan wasa? — Wata Hajiya daga Kaduna

Za ki iya, Hajiya, kuma za ki tarar da mata Turkawa masu lulluɓi suna yi. Kayan zamiya dama masu faɗi ne, sun rufe jiki ruf. Abin gudu shi ne duk wani ƙyalle mai lilo: gyale, dogon hijabi, bakin abaya. Suna iya maƙalewa a kujerar hawa ko a ƙarfen da ke jan mutane zuwa sama, injin kuma ba ya jira. Ki sa hular da ke rufe kai da wuya mai kama jiki, ko ƙaramin hijabi marar allura, ki cusa bakinsa cikin jaket, ki ɗora hular kwano a kai. In kina son ƙarin sutura ki nemi jaket mai kaiwa cinya. Akwai mata masu koyarwa, sai ki nemi mace tun lokacin biyan kuɗi.

Abokina ya iya, ya ce zai koya mini. Akwai buƙatar in biya malami? — Wani matashi daga Bursa

Biya, ko na awa biyu ne da safiyar Asabar. Aboki yakan manta yadda rashin iyawa yake, ya ɗauke ka zuwa sama tun ba ka san tsayawa ba. Malami zai fara da kai a wuri shimfiɗaɗɗe: tafiya da allo ɗaya, sannan biyu, sannan birki, wato ka haɗa kawunan allunan su kusa taɓa juna, ka buɗe bayansu, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a gaba. Juyawa kuwa da nauyi ake yi: ka danna ƙafar dama, ka tafi hagu.

Kuskuren kowa shi ne jingina baya in tsoro ya zo. Da nauyi ya koma dunduniya, kawunan allunan sun daina taɓa ƙasa sosai, sai gudu ya ƙaru, birki ya ƙi ci. Maganinsa ka ji ƙwaurinka na danne harshen takalmi koyaushe. In faɗuwa ta zama dole, faɗi ta gefe a kan ƙugu, kada ka tokare da hannu yana riƙe da sanda, don haka babban yatsa ke gocewa. Kada ka yi yunƙurin miƙewa kana cikin sulɓewa, jira sai ka tsaya.

Ƙarfen da ke jan mutum yana tsaye, ba kujera ba ne. Ka zauna a kai, ka zube. Dokar gangare kuma, wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai na baya kai za ka kauce. Ba a tsayawa a tsakiyar layi ko a bayan tudu inda mai saukowa ba ya hango ka. Ka duba takardar inshorar tafiyarka ma, da yawansu ba sa biyan raunin wasannin ƙanƙara sai an ƙara kuɗi daban.

Ɗana na da sikila, yana son mu je tare. — Wata uwa

Baiwar Allah, Allah ya ƙara masa lafiya. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani da ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsawo, kowannensu na iya tayar da ciwon sikila, kuma a kan dutsen nan duk sun haɗu. Kada ku hau sai likitan da ke duba shi ya amince, kuma ki gaya masa tsawon wurin, sama da mita 1,800, da irin sanyin. In ya hana, cikin garin Bursa kansa abin gani ne: babban masallacin Ulu Jami mai ƙubbobi 20, wanda Sarki Bayezid na Ɗaya ya gina a ƙarshen ƙarni na 14, da kasuwar siliki ta Koza Han da ke maƙwabtaka da shi.

Ga masu lafiya ma, yatsan da ya mutu ya daina jin taɓi alama ce ta ƙunar sanyi. A baƙar fata launin ba ya saurin nunawa, don haka a lura da rashin jin. A shiga ɗaki, a sa cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Ba a murzawa, ba a kara shi a wuta.

Batun abinci fa? Me ake ci, kuma ina ya kamata mu kwana? — Wasu 'yan kasuwa uku daga Maraɗi

Alhazai, tsarin da muke ba kowa shi ne: karin kumallo mai nauyi, abin taɓawa a kan dutse, babban ci a cikin gari da dare. Abincin kan dutse tsada gare shi ninkin na Bursa, kuma ba ya kai shi daɗi. Da rana miyar lentil, wani ƙaramin wake, da suke kira merjimek da burodi ta isa, ko sujuk, wato niƙaƙƙen naman shanu mai tafarnuwa da aka ɗura a hanji, ake gasawa a cusa cikin burodi. Ku sha salep, madara ce mai zafi da kauri da ake barbaɗa wa kirfa, ko shayinsu. Ciki ya cika da nama, ƙafa ta yi nauyi. Ku riƙa shan ruwa ko ba ku ji ƙishi ba, sanyi na ɓoye shi. Ku tambayi farashi kafin ku zauna, ku kuma sa dabino a aljihu.

Da dare ku sauka Bursa ku ci iskandar kebab a garin da aka ƙirƙire shi a ƙarni na 19, sunan mai shi ya bi shi. Yankakken nama ne siriri-siriri da aka gasa a tsaye, a shimfiɗa a kan gutsattsarin gurasarsu, a zuba miyar tumatir, a sa kindirmo a gefe, sannan ma'aikaci ya zo da man shanu yana tafasa ya kwarara a gabanku. Ana cinsa nan take, in man ya daskare ya lalace. Mai yunwar gaske ya ce "bir bucuk", wato faranti ɗaya da rabi. Mai son sauƙin kuɗi ya nufi kasuwar Kayhan ya nemi pideli kofte, irin haɗin ne amma da dunƙulen niƙaƙƙen nama. Abincin yankin ba shi da yaji, saboda haka wanda ya taho da ƙullin yajinsa bai yi wauta ba. Tsarabar garin ita ce kestane shekeri, wani ɗan itace da ake dafawa cikin sukari.

Naman gidajen abinci na gari ba abin damuwa ba ne, inda za ku buɗe ido shi ne abin sha. A kan dutsen ana sayar da giyar inabi mai zafi a kofi, daga nesa kamar shayi, sunanta sijak sharab. Akwai kuma giyar raki, wadda in an zuba mata ruwa take yin fari kamar nono. Nonon gaskiya shi ne ayran. Kalmar "alkolsuz" na nufin babu giya. Ƙananan farantan da za a jera muku ba ku nema ba, ku tambaya ko "ikram" ne, wato kyauta.

Wurin kwana kuwa, otal ɗin kan dutse na ba ku damar fita ƙofa ku hau kujera da ƙarfe 9, kuɗinsa yawanci ya haɗa da abinci, sai dai da tsada, wasu kuma kiɗa ake kwana yi a ƙarshen mako. Bursa ta fi araha da natsuwa, ga kuma otal-otal masu ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Cekirge, wanda cinyoyinku za su gode wa daren Asabar. Farashin wannan zaɓin shi ne sammako: ku bar ɗaki da an idar da sallar asuba. Ko ina kuka sauka, ku zagaya ku ga matakalar gudun gobara kafin ku kwanta. Gobarar wani otal a wurin zamiya na Kartalkaya da ke lardin Bolu, ranar 21 ga Janairun 2025, ta kashe mutum 78.

Salla: azahar a Janairu na shiga bayan ƙarfe 1, la'asar kafin 4, magariba wajen 6. Takalmin zamiya ba ya barin idon sawu ya lanƙwashe, sai an cire shi, don haka ku yi alwala kafin ku ɗaura, ku haɗa hutun abinci da salla wuri ɗaya. Ɗakin salla "mesjit" ake ce masa. Tazarar Istanbul da Bursa ta hanyar mota ta kai kilomita 150, sai ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ku taso. Ranar Lahadi ku mayar da kayan haya da ƙarfe 2, domin daga 4 kowa sauka yake yi, layin motar igiya da hanyar mota duk cushewa suke.